Ƙwayoyin giliya da garkuwar jiki: shin kumburi ne tushen cututtukan ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, na sha jin cewa ƙwaƙwalwa ba niyuron kaɗai ba ce, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira giliya, kuma wai kumburin da su da garkuwar jiki suke haddasawa shi ne silar cutar mantuwa ta Alzheimer da ire-irenta. Mene ne gaskiyar wannan magana? In haka ne, shan maganin kumburi zai iya kare mutum?

Amsa: Malam, kashin farko na abin da ka ji gaskiya ne ƙwarai, amma kashi na biyu an yi masa kuɗin goro, kuma daga nan ne mutane suke ɗaukar shawarar da ba ta dace ba. Ƙwayoyin giliya da na garkuwar jiki suna da hannu a kusan kowace cutar ƙwaƙwalwa da aka bincika da kyau, sai dai hannun nasu ba iri ɗaya ba ne. A wata cutar su ne suka kai hari, a wata su aka kai wa harin, a wata kuma laifinsu shi ne sun gaza yin aikin da suka saba yi. Shi ya sa maganin kumburi na gama-gari, irin wanda ake sha don ciwon gaɓoɓi, bai kare kowa daga Alzheimer ba a lokacin da aka gwada shi, kuma zan zo kan wannan gwajin. Kafin nan sai mu san ƙwayoyin su kansu.

Niyuron ita ce ƙwayar da ke ɗaukar saƙo ta hanyar lantarki, ta miƙa shi ga wata niyuron a wani ɗan wuri da ake kira mahaɗa. Duk sauran ƙwayoyin da ke zaune a tsakaninsu, in ka cire na jijiyoyin jini, su ne giliya. Rudolf Virchow na Jamus ne ya raɗa musu suna a 1856, kuma a ganinsa ba su wuce abin cike gurbi da ke riƙe niyuron wuri ɗaya ba. Wannan kallon ya daɗe, dalili kuwa shi ne na'urorin da aka yi ta binciken ƙwaƙwalwa da su lantarki suke aunawa, giliya kuma ba sa harba saƙon lantarki irin na niyuron, don haka sai aka ɗauka ba sa yin komai. Littattafai da yawa sun kuma rubuta cewa giliya sun ninka niyuron sau goma. A 2009 ƙungiyar Suzana Herculano-Houzel a Birazil ta narkar da ƙwaƙwalwar mamata har ta zama ruwa mai kauri iri ɗaya, ta ƙirga cibiyoyin ƙwayoyin da ke ciki, ta samu niyuron kimanin biliyan 86, sauran ƙwayoyin kuma kimanin biliyan 85. Wato kusan kunnen doki ne, kodayake rabon ya sha bamban daga sashe zuwa sashe: a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya niyuron ne suka yi rinjaye da nisa, a babbar kuwa giliya ne.

Manyan iri uku ne suka fi shafar tambayarka. Na farko su ne oligodendirosait, masu naɗe dogon zaren niyuron da wani rufi mai kitse da ake kira mayelin, kamar dai robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Ƙwaya ɗaya tana iya naɗe zare gommai a lokaci guda. A zaren da ba shi da rufi saƙo yakan yi tafiyar mita ɗaya ko biyu a daƙiƙa, a mai rufi mai kauri kuwa yana iya haura mita 100. Bayan sauri, waɗannan ƙwayoyi suna ciyar da zaren da suka naɗe, saboda haka idan rufin ya lalace ya daɗe ba a gyara ba, zaren shi ma mutuwa yake yi.

Na biyu su ne astirosait, masu rassa ta ko'ina, wasu rassan suna rungume mahaɗun niyuron, wasu kuma suna manne a jikin ƙananan jijiyoyin jini. Duk lokacin da niyuron ta aika saƙo takan saki wani sinadari mai suna gulutamet a mahaɗa, fotasiyam kuma ya taru a wajenta. In aka bar su suka taru, niyuron za ta yi ta harbi babu ƙaƙƙautawa har ta kai ga farfaɗiya ko ta mutu, kuma astirosait ne ke kwashe mafi yawansu. Misalin da ya fi nuna darajarsu a gadon asibiti shi ne mai ciwon hanta da ya yi tsanani. Hantar ta kasa tace amoniya, amoniyar ta isa ƙwaƙwalwa, astirosait su yi ta tsotse ta suna mayar da ita wani sinadarin da ke jawo ruwa cikinsu, har su kumbura. Majinyaci ya fara juya dare ya koma rana, ya rikice, hannuwansa su riƙa faɗuwa suna tashi idan ya miƙe su, a ƙarshe ya suma. Cutar daga hanta ta taso, ta bi ta kan astirosait, sannan niyuron suka ji a jikinsu.

Na uku, waɗanda su ne cibiyar maganar kumburi, su ne maikurogiliya, da Pío del Río Hortega na Sifaniya ya fayyace siffarsu a 1919. Duk da ana lissafa su cikin giliya, asalinsu 'yan gidan garkuwar jiki ne. Binciken da aka buga a 2010 ya nuna cewa daga wata 'yar jaka da ke maƙale da tayi a farkon ciki suke tasowa, su shiga ƙwaƙwalwa tun tana haɗuwa, su zauna a can suna sabunta kansu har ƙarshen rayuwa. An daɗe ana cewa barci suke yi sai cuta ta zo. A 2005 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Jamus ɗaya a Amurka, suka ɗauki ɓeraye waɗanda aka sa maikurogiliyarsu tana haske kore, suka kankare ƙoƙon kai har ya yi shara-shara, suka leƙa ƙwaƙwalwar dabbar tana raye. Jikin kowace ƙwaya yana nan wuri ɗaya, amma siraran rassanta ba su taɓa tsayawa ba, suna miƙewa suna komawa, suna taɓa duk abin da ke kusa da su. Da aka yi ɗan rauni da hasken leza, cikin mintuna kaɗan rassan ƙwayoyin da ke kewaye suka juyo gaba ɗaya suka nufi wurin, suka yi masa zobe. Gani ya kori ji, tun daga ranar maganar barci ta faɗi.

Aikinsu bai tsaya ga gadi ba, kuma a nan ne nake so ka fi mai da hankali, domin shi ne mabuɗin sauran bayanin. Ƙwaƙwalwar jariri takan ƙulla mahaɗu fiye da buƙata, sannan a datse waɗanda ba a amfani da su, aikin da ke ci gaba a wasu sassan har bayan balaga. A 2007 Beth Stevens da Ben Barres suka nuna cewa wasu furotin na garkuwar jiki, C1q da C3, waɗanda aka san su da liƙe wa ƙwayoyin cuta alama a cikin jini don a cinye su, su ne kuma ake liƙa wa mahaɗun da za a datse. A 2012 aka ga ɓurɓushin mahaɗun a cikin cikin maikurogiliya. Ashe makamin yaƙi da cuta shi ne kuma kayan ginin ƙwaƙwalwa. A 2016 sakamako biyu suka biyo baya. Na farko ya nuna cewa mutanen da suka gaji nau'in da ke yawaita wani furotin na wannan dangi, C4, haɗarin kamuwarsu da cutar taɓin hankali ta sikizofiriniya ya ɗan fi na sauran, cutar da galibi take bayyana a shekarun samartaka, lokacin da datsewar ke gudana. Na biyu ya nuna cewa a ɓerayen da aka sa wa alamomin Alzheimer wannan tsohon aikin na ƙuruciya yana sake tashi, ana cin mahaɗu masu amfani. Babu wani sabon mugun abu da ya shigo, aikin da ya dace ne aka yi shi a lokacin da bai dace ba.

Saura ƙwayoyin garkuwar da ke yawo a jini. A 1885 Paul Ehrlich ya lura cewa in aka zuba rini a jinin dabba, sassan jiki sukan rinu amma ban da ƙwaƙwalwa, a 1913 kuma ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka, sai ƙwaƙwalwar ta rinu jiki bai rinu ba. Wannan shi ne shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ƙwayoyin bangon jijiyoyin jini suka gina ta hanyar mannewa da juna gam, astirosait kuma suna taimakawa wajen kiyaye shi. Daga nan aka gina ra'ayin cewa garkuwar jiki ba ta da hurumi a ƙwaƙwalwa. Ana yawan kafa hujja da gwajin Peter Medawar na 1948, inda fatar wani zomo da aka dasa a ƙwaƙwalwar wani ba ta lalace ba, amma ana mantawa da ragowar gwajin: idan an riga an dasa wa zomon irin fatar a jikinsa, garkuwarsa ta gane ta, to ta ƙwaƙwalwar ma sai an kai mata hari. A 2015 ƙungiyar Jonathan Kipnis a Amurka da ta Kari Alitalo a Finlan suka nuna hanyoyin limf, wato ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin garkuwar jiki, a tantanin da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa, suna kwarara zuwa kaluluwar wuya. A 2018 kuma aka ga ƙananan kafofi da ke haɗa ɓargon ƙoƙon kai da wannan tantani. Ƙwayoyin garkuwa suna jibge a bakin iyakar ƙwaƙwalwa, suna ɗanɗana ruwan da ke fitowa daga cikinta.

Akwai kuma aikin Maiken Nedergaard na 2012 da 2013, wanda ya nuna ruwa yana bin gefen jijiyoyin jini yana wanke dattin ƙwaƙwalwar ɓera da taimakon astirosait, musamman lokacin barci. Wani bincike na 2024 daga Landan ya samu akasin haka game da barcin, kuma masana suna kan muhawara. Barci yana da amfaninsa ko da wace ƙungiya ce ta yi daidai.

Cutar da ta fi fito da harin garkuwar jiki fili ita ce maltiful sikilerosis, wadda ake taƙaitawa da MS, mai damun mutane kimanin miliyan 2.8 a duniya, galibi tana farawa tsakanin shekara 20 da 40, ta kuma fi kama mata. Fararen ƙwayoyin jini suna ƙetare shingen su afka wa mayelin, sai mutum ya wayi gari ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta yi sanyi, bayan makonni ya samu sauƙi, daga baya ya sake tashi a wani wurin. Tarihin maganinta yana da darasi biyu. Natalizumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2004, yana hana fararen ƙwayoyi ƙetare shingen, kuma ya rage tashin cutar sosai, amma a 2005 aka janye shi na ɗan lokaci bayan wasu majinyata sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa. Bairos ɗin JC, wanda mutane da yawa ke ɗauke da shi ba tare da illa ba, shi ne ya samu sarari ya cinye oligodendirosait da zarar an hana masu sintiri shiga. An dawo da maganin a 2006 bisa sharaɗin sa ido sosai. Darasi na biyu shi ne an daɗe ana ɗora laifin kan wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, sai ga magungunan da ke share wani rukunin, wato ƙwayoyin B, irin su ocrelizumab da aka amince da shi a 2017, sun shiga sahun mafi ƙarfi. A 2022 masu bincike a Harvard, bayan bin bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, suka samu cewa haɗarin MS yana ninkawa sau 32 bayan kamuwa da bairos ɗin Epstein-Barr, wanda maɓoyarsa ita ce ƙwayoyin B. Kusan kowane baligi yana ɗauke da wannan bairos, 'yan kaɗan ne ke samun MS, saboda haka shi kaɗai bai isa ya kawo cutar ba.

Akwai wata cutar mai kama jijiyar ido da laka wadda aka daɗe ana ɗaukarta reshen MS, har Vanda Lennon da abokan aikinta suka gano a 2004 da 2005 cewa masu ita suna da antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta, da ke kai hari kan kafar ruwan da ke jikin astirosait. Banbancin ba na suna ba ne kawai, domin wasu magungunan MS suna ƙara tsananta ta, yanzu kuma gwajin jini yana raba su, tana da magungunanta na kanta.

To, Alzheimer fa? Tun a 1906 aka san curin wani furotin mai suna amiloyid da ke taruwa tsakanin niyuron da kuma zaren da ke cukurkuɗewa a cikinsu, an kuma ga giliya sun kewaye curin, amma an ɗauke su 'yan kallo. Binciken gado ne ya canza wannan tunanin. APOE4, wanda aka danganta da cutar a 1993, shi ne mafi ƙarfin abin gado da ke ƙara haɗarin nau'in da ke zuwa da tsufa: kwafi ɗaya yana ninka haɗarin kusan sau uku, biyu kuwa sau goma ko kusa da haka, kuma astirosait ne suka fi ƙera furotin ɗinsa a ƙwaƙwalwa. A 2013 ƙungiyoyi biyu suka ruwaito cewa wani sauyi a TREM2, furotin da maikurogiliya ke gane abin da ya kamata ta cinye da shi, yana ninka haɗarin kusan sau uku. Ka lura da inda hujjar ta nufa. Sauyin raunana TREM2 yake yi, a ƙwaƙwalwar masu shi maikurogiliya ba sa kewaye curin da kyau, niyuron da ke gefe kuma sun fi lalacewa. A nan gazawar garkuwa ce ta ƙara cutar. Amma a wasu gwaje-gwajen ɓeraye, idan cutar ta yi nisa, maikurogiliyar da suka harzuƙa suna ƙara kashe niyuron. A ganina duk wanda ya ce maka su abokai ne ko maƙiya ne, ba tare da ya faɗi matakin da cutar take ba, bai gama bayani ba.

Yanzu ga gwajin da na ambata. An lura cewa masu ciwon gaɓoɓi da suka daɗe suna shan maganin kumburi kamar ba su cika samun Alzheimer ba, sai aka ɗauki tsofaffi fiye da 2,000 a Amurka, aka ba wasu naproxen, wasu celecoxib, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. An dakatar da ba da maganin a ƙarshen 2004 saboda fargabar illa ga zuciya, kuma bin diddigin da aka yi bayan haka bai nuna wata kariya ba. Minocycline, wanda ke kwantar da maikurogiliya kuma ya tsawaita ran ɓeraye masu cutar shanyewar jijiyoyin motsi ta ALS, da aka gwada shi a majinyata fiye da 400, sakamakon 2007 ya nuna waɗanda suka sha sun fi saurin taɓarɓarewa. Garin gyaran gira aka rasa ido. Ta ɗaya hannun ma ba a dace ba tukuna, domin maganin da aka ƙera don zaburar da TREM2 bai rage saurin cutar ba a gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2024. Wanda ya ɗan yi tasiri shi ne lecanemab, antibodi da ke liƙewa a amiloyid don maikurogiliya su kwashe shi. Ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18 ga masu matakin farko, amma kusan ɗaya cikin takwas sun samu kumburin ƙwaƙwalwa da ake gani a hoton MRI, shi ya sa ake maimaita musu hoton a kai a kai. Yawancin labaran da kake ji daga ɓeraye suka fito, ɓera kuwa shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, kuma cutar da ake sa masa ƙirƙira ce, ba wadda ta tsiro da kanta cikin shekaru gommai ba.

Saboda haka kada ka sha ibuprofen ko danginsa kullum da niyyar kare ƙwaƙwalwa, domin suna iya jawo gyambon ciki, zubar jini da lalacewar ƙoda, babu kuma ribar da aka tabbatar. Abubuwan da ke da hujja mai ƙarfi wajen rage haɗarin mantuwar tsufa su ne kula da hawan jini da ciwon suga, barin taba, motsa jiki, da gyara matsalar ji.

Inda danne garkuwar jiki ke ceton rai shi ne inda aka san takamaiman abin da ake dannewa da kuma lokacinsa. A wasu nau'o'in sanƙarau na bakteriya, likita yakan ba da dexamethasone tare da allurar farko ta maganin kashe ƙwayar cutar, domin martanin jiki ga matattun bakteriyar yana iya kurmantar da majinyaci. Akwai kuma cutar da Josep Dalmau ya fayyace a 2007, inda antibodi ke kai hari kan wata kafar karɓar saƙo mai suna NMDA a jikin niyuron. Ta fi kama yara da 'yan mata da matasan mata. Mutum yana lafiya lau, cikin kwanaki ko makonni kaɗan halinsa ya sauya, ya daina barci, ya riƙa ganin abin da babu ko jin muryoyi, daga nan farfaɗiya ta biyo baya, baki da fuska su riƙa motsi da kansu, magana ta ɗauke. Sau da yawa sashen masu taɓin hankali ake fara kai su. A wani kaso mai yawa na matan da suka balaga, wani ƙari ne a mazaunin ƙwan haihuwa yake tayar da garkuwar, kuma cire shi ɓangare ne na magani. Ana tabbatar da cutar ta hanyar gwada ruwan laka, ana kuma magance ta da magungunan danne garkuwa, da tace jini, da masu share ƙwayoyin B idan na farkon ba su isa ba. Kimanin huɗu cikin biyar na majinyatan suna samun sauƙi mai yawa cikin shekara biyu, waɗanda aka fara yi wa magani da wuri kuma su ne suka fi murmurewa. Duk matashin da hankalinsa ya juya farat ɗaya, musamman in akwai farfaɗiya, zazzaɓi ko motsin jiki marar dalili, ya kamata likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya gan shi, a kuma duba ruwan lakarsa.